Sikeli, Teɓa da Gwajin Jini: Me Bincike Ya Gano Game da Ƙiba da Rama?

Idan mutumin Saminaka ta ƙasar Birnin Gwari ya yi wata shida a Kaduna ko Abuja ya dawo da kumatu, gaisuwar da zai fara samu a bakin kasuwa ita ce, "Kai, wane, birni ya karɓe ka!" Amarya kuma idan ta je ganin gida, gwaggonni da innoni jikinta suke fara dubawa kafin su tambaye ta zaman gidan. Ta yi ɓul-ɓul, miji ya iya riƙo. Ta rame, to akwai magana a ƙasa: ko kishiya, ko dangin miji, ko wani ciwon da ba a son kiran sunansa. Wannan tunanin yana da dalilinsa. A yankin da aka daɗe ana ganin tarin fuka da tamowa suna cinye mutum a tsaye, kuma aka shafe shekaru 'yan bindigar dazukan Kamuku da Kuyambana suna hana manomi zuwa gonarsa, rama ta sha zama jakadiyar mutuwa.

Sai kuma ga rediyo da wayar hannu sun zo da nasu wa'azin: ƙiba cuta ce, a hau sikeli, a rage nauyi. Binciken likitoci na shekaru saba'in da suka wuce bai gaskata ɗayan ɓangarorin biyu gaba ɗaya ba. Abin da ya nuna shi ne nauyi kaɗai labari ne gajere. Sai an san inda kitsen ya taru, da irin saƙon da yake aikawa cikin jini, da aikin da tsokar mutum take yi, sannan a yi gwajin da ya dace da irin jinin mutanen wurin.

Ma'aunin da asibitoci suka fi amfani da shi, wanda ake kira BMI, ba likita ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da lissafin a shekarun 1830 yana neman siffanta matsakaicin Bature. A 1972 Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma ƙiba ce sosai. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 75 zai samu 26. To amma manomin da ke huɗa da hannu yana ɗora buhun masara a kafaɗa zai iya samun 26 ɗin nan, haka ma mai shagon da ke wuni a kan benci da lemon kwalba a gefensa. Ɗaya tsoka ce, ɗaya teɓa, sikeli kuwa bai san bambancinsu ba.

A 2004 mujallar likitoci ta Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu abokan juna, Chittaranjan Yajnik na Indiya da John Yudkin na Ingila. Dukansu BMI ɗinsu 22.3 ne. Da aka sa su a na'urar da ke raba kitse da tsoka da ƙashi, sai aka ga kitsen Yudkin, mai gudun dogon zango, kashi 9.1 cikin 100 ne na jikinsa, na Yajnik kuwa kashi 21.2. An ɗauki shekara ashirin bayan wannan hoton kafin manyan likitocin duniya su nemi a sauya ma'anar ƙiba. A Janairun 2025 wani kwamitin masana 58 ƙarƙashin Francesco Rubino na Landan ya ba da shawarar kada a yanke wa mutum hukunci da BMI shi kaɗai. A haɗa da awon ƙugu, sannan a bambanta mai kitsen da ya riga ya fara lalata masa zuciya ko numfashi ko gwiwa da wanda gaɓoɓinsa ke aiki lafiya tukuna.

Maganar inda kitse yake zama ta girmi wannan kwamiti nesa. Tun a 1947 wani likitan Faransa a birnin Marsai, Jean Vague, ya lura cewa masu tara kitse a ciki da ƙirji su ne ciwon suga da ciwon zuciya suka fi kamawa, masu tarawa a cinya da ɗuwawu kuwa da sauƙi. Kitsen ƙarƙashin fata ma'ajiya ce da jiki ya tanada. Wanda ke lulluɓe da hanji yana zuba maiƙo da sinadaran kumburi kai tsaye cikin jijiyar da ke kai jini hanta, kuma daga nan matsalar take farawa. An ma gwada abin da tiyata. A 2004 Samuel Klein da abokan aikinsa a Amurka suka zuƙe wa mata 15 kusan kilo goma-goma na kitsen ƙarƙashin fatar ciki. Bayan wata uku sugansu da hawan jininsu da yadda jikinsu ke karɓar insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, duk suna nan yadda suke. Sikeli ya sauka, lafiya ba ta motsa ba.

Roy Taylor na Jami'ar Newcastle ya yi bayanin abin ta hanyar da manomi zai gane nan take. Kowane mutum da girman rumbunsa. Idan rumbun ƙarƙashin fata ya cika, sai a fara jibge hatsin a zaure da ɗakin kwana, wato a hanta da fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi tana samar da insulin. Wani rumbunsa babba ne, zai kai kilo 100 suga bai taɓa shi ba. Wani kuwa a kilo 65 nasa ya cika. Taylor da Mike Lean na Glasgow sun jarraba kwashe wannan kitsen da tsauraran matakan rage abinci, kuma a 2017 suka bayyana cewa kashi 46 cikin 100 na masu ciwon sugan da suka bi tsarin sun kai shekara sugansu daidai ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne.

Abin farin ciki ga asibitin karkara shi ne tef ɗin tela yana hango wannan kitsen fiye da sikeli. Sai dai a nan ma da sauran gyara. Iyakar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa, santimita 94 ga maza da 80 ga mata, daga jikin Turawa aka samo ta, aka ce 'yan Afirka su ara kafin a samu tasu. A 2018 Kenneth Ekoru da wasu masana suka tattara bayanan mutum sama da 24,000 daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka ga haɗarin yana bayyana ne daga kusan santimita 81, ga maza da mata baki ɗaya. Ga mata bambancin ba shi da yawa. Ga maza kuwa tazarar santimita 13 ce, wato magidanta da yawa da aka sallama an ce ƙugunsu lafiya lau sun riga sun shiga layin da ya kamata a gwada jininsu. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ɗauka a 2022: kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Ko tef babu, igiya ta isa. A auna tsawon mutum da ita, a ninka ta biyu, a zagaya ciki tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin kwankwaso, wajen saitin cibiya. Idan bakunan ba su haɗu ba, teɓa ta wuce gona da iri.

Har zuwa farkon shekarun 1990 ana ɗaukar kitse a matsayin kaya kawai da jiki yake ɗauke da shi. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a New York ya gano cewa ƙwayoyin kitse suna fitar da wani homon, leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye. Bayan shekara uku, a Cambridge, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi suka samu wasu yara biyu 'yan uwan juna, 'yan asalin Fakistan, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya yin leptin. Yunwa ba ta barinsu dare da rana, ƙibarsu ta wuce misali, kuma da aka fara yi wa masu irin wannan lalura allurar sinadarin sai cin ya lafa, nauyin ya zube. An yi zaton an samo maganin ƙiba ke nan. Ba haka ta kasance ba, domin yawancin masu ƙiba leptin ɗinsu a cike yake, ƙwaƙwalwar ce ta daina saurarensa.

Duk da haka binciken ya wanke masu ƙiba daga zargin da aka daɗe ana yi musu na kwaɗayi da lalaci. A 2011 masu bincike a Melbourne ta Ostireliya suka bi mutum 50 da suka rage kimanin kilo 13 cikin mako goma. Bayan shekara guda homon ɗin da ke tayar da yunwa yana nan sama, masu kawo ƙoshi suna ƙasa. Jiki yana ɗaukar ramar a matsayin fari, yana ta ƙoƙarin maido da abin da ya rasa. Sababbin allurai irin su Ozempic ta wannan ƙofar suke bi, suna kwaikwayon wani homon na hanji da ke sa ƙoshi, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ma'aikatan Kaduna, balle manomin Randagi ko Kuyello a ƙasar Birnin Gwari.

Inda maganar homon ta fi shiga gidajen Hausawa ita ce wajen haihuwa da auratayya. Kitse yana ɗauke da wani sinadari da ke juya homon ɗin maza, testosteron, zuwa na mata. Shi ya sa mai babbar teɓa kan wayi gari ƙarfinsa ya ragu, ƙirjinsa ya ciko. Ciwon suga da hawan jini kuma suna lalata ƙananan jijiyoyin gaba tun kafin su taɓa na zuciya, don haka raunin mazakuta yakan zama gargaɗin farko. Abin takaici, a kan tafi da wannan gargaɗin wurin mai maganin basir da sanyi a bayan mota mai lasifika, a sha jiƙo wata da watanni, babu wanda ya ɗiga jini a na'urar suga. Wanda ma ya je gwajin testosteron da yamma ya yi asarar kuɗinsa, domin sinadarin da sassafe yake kaiwa ƙololuwa. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin da safe kafin a karya, kuma a maimaita wata ranar kafin a ce ya yi ƙasa.

Ga mata akwai lalurar da likitoci biyu na Chicago, Stein da Leventhal, suka siffanta a 1935, wadda asibiti ke kira PCOS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Al'ada tana tsallake watanni, gashi yana fitowa a haɓa, ƙuraje a fuska, wuya da hammata suna yin baƙi kamar datti alhali ba datti ba ne, ciki kuma ya ƙi samuwa. Tushenta a wurin mata da yawa shi ne jiki ya daina jin insulin, insulin ɗin ya yi yawa a jini, ya tunzura ma'ajiyar ƙwan mace ta riƙa fitar da homon ɗin maza. Hoton ciki shi kaɗai ba ya tabbatar da ita. Tun taron Rotterdam na 2003 ake neman biyu cikin alamu uku: rikicewar al'ada, alamun homon ɗin maza a jiki ko a jini, da abin da hoton ya nuna. Macen da ke wannan hali sau da yawa ita ce ake cewa an yi mata asiri ko tana da jinnul ashiƙ, ita ce kuma ake ɗura wa kayan mata masu zuma da mazarƙwaila, waɗanda ke ƙara wa wutar fetur. Ga mai nauyi a cikinsu, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kan dawo da al'ada kan hanya.

Akwai kuma ƙibar da ake saya a kemis. Ƙwayoyin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe galibi iri biyu ne. Ɗaya cyproheptadine ce, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki da sa barci. Ɗayar, wadda ta fi haɗari, dexamethasone ce, 'yar uwar kotisol, homon ɗin da wasu ƙananan gaɓoɓi biyu a saman ƙoda suke fitarwa. Ƙwaya ce mai daraja a hannun likita, ta ceci rayuka da yawa lokacin annobar korona. Amma wadda ta ɗauki watanni tana sha don biki ya same ta a cike, abin da take samu shi ne cutar da Harvey Cushing ya siffanta a 1932: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, hannu da ƙafa su sirance domin maganin yana cin tsoka, fata ta yi nankarwa masu faɗi, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Ƙibar da aka biya kuɗi aka saya ita ce ainihin irin wadda Vague ya yi kashedi a kai. Kuma daina ta rana ɗaya wani haɗarin ne, domin gaɓoɓin saman ƙodar sun riga sun yi barci. Jini zai iya faɗuwa, mutum ya suma, har a rasa rai. Likita ne yake rage ta sannu a hankali.

Batun motsa jiki kuwa daga motar haya aka fara fahimtarsa. A 1953 Jerry Morris ya kwatanta direbobin bas masu bene na Landan da kwandastocinsu da ke wuni suna hawa da sauka, ya ga ciwon zuciya ya fi kashe direbobin nesa ba kusa ba. Da aka ce ai wataƙila direbobin sun fi ƙiba ne, sai ya je ya binciko awon wandunan da kamfanin ke ɗinka wa ma'aikata, ya ga ko an kwatanta masu ƙugu ɗaya, kwandastan ya fi tsira. A 1989 Steven Blair a Dallas ya bi mutum sama da 13,000 da aka auna juriyarsu a injin gudu. Mazan da suka fi kowa rashin juriya sun ninka mafiya juriya sau uku wajen mutuwa, kuma riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zaman dirshan zuwa matsakaicin motsi, kamar tafiyar sauri ta rabin awa a kullum. Bayan shekara goma ƙungiyarsa ta ƙara da cewa siriri marar juriya ya fi mai ƙiba mai juriya shiga haɗari. Ba kowa ya yarda ba. Wani binciken Suwidin a kan maza miliyan 1.3 da aka auna lokacin ɗaukarsu aikin soja ya nuna cewa idan ƙibar ta yi yawa, juriya ba ta goge illarta duka. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne a kowane nauyi, mai motsi ya fi marar motsi.

Arewacin Najeriya ma ta ba da nata shaidar. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos, mutanen da abincinsu ya dogara da nono da man shanu, irin maiƙon da littattafan Turai ke tsoratarwa a kai. Jininsu bai nuna haɗarin ciwon zuciya ba. Siraran mutane ne masu wuni a ƙafa bayan shanu. A Sakkwato kuma Anas Sabir da abokan aikinsa sun auna Fulanin birni suka samu ciwon suga a kashi 4.6 cikin 100, suka auna na karkara suka samu ƙasa da kashi 1. Jini ɗaya, zama daban.

Wani abin mamaki ya fito daga aikin Amy Luke ta Jami'ar Loyola, wadda ta kwatanta matan karkarar ƙasar Yarbawa da baƙaƙen matan wajen Chicago. Na Amurka sun fi nauyi sosai, amma da aka yi la'akari da girman jiki, ƙarfin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa a wuni bai bambanta da yawa ba. Herman Pontzer ya samu irin wannan a 2012 wurin mafarautan Hadza na Tanzaniya. Ma'ana, abin da ke shiga baki ya fi yanke hukunci a kan nauyi, motsi kuwa aikinsa a wani wurin yake. Tsokar da ke aiki tana janye suga daga jini ko da insulin ya yi rauni, tana rage kitsen hanta da na hanji ko da sikeli bai sauka ba. Wanda ya fara tafiyar safe ya daina bayan wata guda don nauyinsa bai ragu ba, ya duba sakamakonsa ne a inda ba a rubuta shi.

Wannan ya shafi Birnin Gwari kai tsaye. Shekarun rashin tsaro sun kwashe dubban mutane daga gona da kiwo suka zube su a cikin gari, a Birnin Gwarin kanta da Kaduna da Funtuwa da Zariya. Mai huɗa ya koma kan babur yana acaɓa ko ya zauna tsaron teburin wani. Mai tallar nono da ke taka kilomitoci da ƙwarya a ka ta koma zaman ɗaki. Abincin ma ya sauya zuwa taliya da farar shinkafa da burodi da shayi mai suga cokali huɗu. Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwambar 2024, lokacin da Gwamnan Kaduna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, wasu sun koma gonakinsu, wasu kuwa zaman gari ya riga ya kama su.

Akwai kuma bashin da yunwa ke bari a jikin yaro. A 1992 Nick Hales da David Barker suka kawo hujjar cewa ɗan tayin da bai samu isasshen abinci ba yakan gina ƙaramar fankiriyas, kuma idan ya girma ya samu wadata sai gaɓar ta gaza ɗaukar nauyin. An gwada wannan a Najeriya. Wani binciken da aka buga a 2010 ya auna mutum 1,339 a Inugu, ya ga waɗanda yunwar yaƙin Biyafara ta same su a ciki ko a goye sun kai shekara arba'in da hawan jini da suga da ƙugu fiye da waɗanda aka haifa bayan yaƙin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Yaran da aka goya a shekarun da aka hana noma a ƙasar Birnin Gwari su ne magidantan 2050.

Shi ya sa adadin da Andrew Uloko na asibitin koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2018, cewa ciwon suga kashi 3 ne cikin 100 a Arewa maso Yamma alhali ya kusa kashi 6 a ƙasa baki ɗaya, bai kamata ya sa kowa barci ba. Ciwon sugan nan yankin ba kullum yake zuwa da teɓa ba. Tun a 1968 Babatunde Kwaku Adadevoh, mahaifin Dokta Stella Adadevoh da ta tare cutar Ebola a Legas a 2014, ya ba da labarin manyan 'yan Najeriya da ciwon ke kamawa da tsanani, a ɗora su kan insulin, bayan wani lokaci ya lafa har su ajiye allurar. A Zariya, A. G. Bakari da G. C. Onyemelukwe na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun auna insulin a jinin masu ciwon suga a farkon shekarun 2000, suka ga ƙarancinsa ne ya fi bayyana. A Afrilun 2025, a Bangkok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, mai alaƙa da tamowa, wanda aka fara siffantawa a Jamaika a 1955. Yana kama ramammun matasa da suka tashi cikin yunwa. Masana na ci gaba da muhawara a kan iyakokinsa, amma darasinsa ga ma'aikacin lafiya a fili yake. Idan aka ce wa irin wannan saurayi ya rage ci ya rage nauyi, an cuce shi. Idan kuma aka loda masa insulin ya koma gidan da ba kullum ake ɗora tukunya ba, sugansa zai iya faɗuwa ya kashe shi cikin dare.

Saura gwajin kansa. Manyan hanyoyinsa uku ne. Na farko a auna suga da safe bayan awa takwas ba ci, idan ya kai 7.0, ko 126 a na'urorin da ke lissafi da ɗaya ma'aunin, akwai ciwon. Na biyu a sha giram 75 na gulukos a jira awa biyu, iyakarsa 11.1 ko 200. Na uku shi ne HbA1c, wanda ya samo asali daga abin da likitan Iran Samuel Rahbar ya gano a 1968, cewa suga yana manne wa sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Da yake ƙwayar jini kan yi kwana 120 a raye, gwajin yana ba da matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ba ya buƙatar a ƙi karyawa, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a tabbatar da ciwon da shi daga 6.5. Shi ne mafi tsada, don haka mutane suke ɗauka shi ne mafi gaskiya.

A ƙasar Hausa wannan zaton yana da rami. Duk abin da ya gajarta ran ƙwayar jini zai sa sakamakon ya yi ƙasa da gaskiya. Kusan ɗan Najeriya ɗaya cikin huɗu yana da rukunin jinin sikila na AS. Wani bincike a Amurka a 2017 ya ga baƙaƙen fata masu AS suna nuna HbA1c ƙasa da na masu AA da kimanin 0.3 alhali sugansu ɗaya, ko da yake wasu masana sun ce irin na'urar da aka yi aiki da ita ma tana da hannu. A shekarar dai aka gano cewa ƙarancin wani sinadarin jini da ake gado, G6PD, wanda ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma, yana sauke sakamakon namiji da kusan 0.8. Wanda ainihin nasa 7.0 ne zai karɓi takarda mai 6.2 a ce masa ya tafi gida. Zazzaɓin cizon sauro mai fasa jini da ƙarin jini na kwanan nan su ma ƙasa suke ja. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuwa sama yake turawa, a ƙasar da binciken 2018 ya ce kashi 58 cikin 100 na mata suna da ƙarancin jini. Ga mai SS gwajin ba shi da amfani sam. Anne Sumner ta cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wadda ta shafe shekaru tana auna 'yan Afirka mazauna can, ta nuna cewa HbA1c shi kaɗai yana tsallake da yawa daga masu matsalar suga, kuma maiƙon jinin da ke tashi a jikin Bature idan insulin ya fara gazawa yakan zauna daidai a jikin ɗan Afirka mai irin matsalar.

Saboda haka wanda ya kama hanyar Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika daga Saminaka don gwaji mai tsada ya kamata ya tafi da sanin rukunin jininsa na sikila, ya kuma faɗa wa likita idan bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba ko yana shan wata ƙwaya ta ƙiba ko ta ciwon gaɓoɓi. Abin da ya fi muhimmanci ma ana iya yinsa a babban asibitin Birnin Gwari ko ƙaramin asibitin da ke da na'urar suga, da ta awon jini, da tef, muddin tsinken gwajin bai lalace ba, domin zafi da laima suna ɓata shi idan aka bar kwalbar a buɗe. Sakamako ɗaya a jikin wanda ba shi da alamun ciwo ba ya isa, sai an maimaita. Ita kuwa kwamfutar da ake kafawa ranar kasuwa, a ba mutum wani ƙarfe ya riƙe minti ɗaya ta zayyano masa hanta da ƙoda da homon, ba ta auna komai, kuma kusan kullum maganin da za ta rubuta yana cikin jakar mai ita.

Waɗanda ya kamata su nemi gwajin suga ko da jikinsu bai nuna komai ba sun haɗa da mai ƙugun da ya kai rabin tsawonsa, da mai hawan jini daga 140 bisa 90, da wanda mahaifi ko mahaifiya ko ɗan uwansa na jini ke da ciwon, da mai tarin fuka, domin cututtukan biyu suna jan juna. Mai yawan fitsarin dare da ƙishirwa da ramar da ba a san dalilinta ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa, shi kam ranar ya kamata a gwada shi, ko ya karya ko bai karya ba. Sai macen da ta haifi jariri mai kilo 4 ko fiye, abin da ake yi wa barka da murna, alhali sau da yawa alama ce cewa suganta ya hau lokacin goyon ciki. Wadda aka tabbatar ta yi sugan ciki ana so a sake gwada ta tsakanin mako huɗu zuwa sha biyu bayan haihuwa, wato daidai lokacin da take gama wankan jego, sannan ta riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku.